Gwaggona Mai Sa wa 'Yan Fim Furfura

Shekara ashirin da takwas gwaggona ta yi tana mayar da 'yan mata tsofaffi. Da wannan sana'ar ta ci ta sha, da ita ta raini 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta. Ƙanwar mahaifina ce. A wajen masu shirya fim ba wanda ya san ta da wani suna sai Mai Furfura, alhali in ka duba kanta tun daga goshi har ƙeya ba za ka ga farin gashi ko ƙwaya ɗaya ba. Duk farkon wata takan shige banɗaki da kwalbar baƙin rini a cikin zane, ta kulle ƙofa, bayan awa guda ta fito tana cewa ita dai haka Allah ya yi ta, gashinta ba ya jin shekaru.

Asalinta mai gyaran gashi ce. Tana da ɗan shago a ƙarƙashin matakalar wani bene, kujera biyu da madubi ɗaya mai tsaga a gefe. A saman benen akwai ofishin wasu masu shirya fim. Wata rana da hantsi wani darakta ya sauko a guje, yana janye da wata yarinya 'yar shekara ashirin da biyu, tana taunar cingam.

Ya ce, "Don Allah ki mayar min da wannan uwa kafin azahar."

Gwaggo ta ce, "Uwar wa?"

"Uwar jarumin fim ɗin. Gemunsa har ƙirji."

A wancan lokacin ba wanda ke wahalar da kansa wajen neman tsohuwar gaske. Aikin uwa a fim bai wuce ta zauna a kujera ta yi kuka, ta sa albarka, ta mutu kafin a kai rabi ba. Duk yarinyar da ta zo neman fitowa a jaruma aka ga ba ta dace ba, sai a ce ta tsaya ta yi uwa. Gwaggo ta waiga cikin shagonta, ta ga man goge baki da tsohon buroshi a kan taga. Ta shafa wa yarinyar a gashin da ke leƙowa ta gefen ɗankwali, ta zana mata layi uku a goshi da jagira, ta cusa mata ƙaramin matashi a baya, ta sa ta tofar da cingam. Darakta ya duba ya ce wallahi har ta tuna masa da kakarsa. Ba a yi wata shida ba Gwaggo ta rufe shago ta bi su.

Tana da wani akwatin ƙarfe da ba ta yarda kowa ya taɓa. Ni dai na taɓa leƙawa ina ƙarama, na ga alli, da hodar jarirai, da jagira kala uku, da tabarau marar gilashi, da matasan baya manya da ƙanana, da man goge baki ya kai goma. Sandar dogarawa kuma a hannu take riƙe ta, don ba ta shiga akwatin.

Aikinta bai tsaya a kwalliya ba, har koyar da tsufa take yi. Takan tara 'yan matan a bayan motar kaya ta yi musu darasi. Tsohuwa ba ta magana sai ta yi tari biyu. Ba ta tashi sai ta kama baya ta ce wash. Ba ta gani sosai, don haka in ɗanta ya shigo sai ta tambaya wane ne, ko da yanzu ya fita. Wadda ta manta ta miƙe da sauri, Gwaggo na bayan kyamara tana nuna mata sanda.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. An taɓa ɗaukar wata fitowa a waje, uwa tana roƙon ɗanta kada ya tafi, sai ruwa ya sauko. Darakta ya ji daɗi ya ce a ci gaba, ruwan zai ƙara tausayi. Kafin uwar ta gama roƙo kumfa ya rufe mata ido, yana gangarowa ta kunne. Wata rana kuma uwa ta mutu, jarumi ya faɗa kanta yana rusa kuka, ƙamshin man ya shige masa hanci, ya yi atishawa sau bakwai a fuskar gawa har gawar ta tashi ta mare shi. Abin da ya fi ɓata wa Gwaggo rai shi ne wata da ta mayar uwar wani jarumi a fim huɗu, daga baya suka yi aure da gaske, don ya girme ta da shekara tara. Har yau in ta gan su tare a hanya sai ta kau da kai ta ce duniya ta lalace.

Haka aka yi ta tafiya har wata sabuwar darakta ta shigo harkar, mace 'yar wajen shekara talatin da biyar, mai gajeren haƙuri da dogon tunani. An ce wata rana tana kallon fim da mahaifiyarta, aka nuno uwa tana tari tana lalube, mahaifiyar ta yi dariya har ta ƙware, ta ce, "Wannan yarinyar me ya same ta?" Daga nan Darakta ta sa a sanar cewa tana neman mata masu shekara sittin zuwa sama, na gaske, kowa ta zo da fuskarta.

Wadda ta fara ɗauka tsohuwar 'yar sanda ce mai ritaya, kowa na kiranta Sajan. Doguwa ce, kanta fari fat, tafiyarta kamar ta haɗiye taɓarya. Ta fito a matsayin mai gidan haya da ke korar ɓarayi da kanta, mutane suka haukace a kan fim ɗin. Kafin shekara ta zagayo duk wani mai shirya fim yana neman tsohuwarsa. Malaman makaranta masu ritaya, tsofaffin nas-nas, matan kasuwa, duk suka cika matakalar ofisoshi da jakunkunansu da kwalaben maganin hawan jini. Kuma yanzu ba a kashe su da wuri. Wata ta fito a mai kamfani, wata a likita, wata ma a shugabar 'yan damfara.

Gwaggo ta koma mai share gumi. Ta zauna a gefe da akwatinta a rufe, in an tsaya hutu ta tashi ta dangwala wa mutum hoda a hanci ta koma. Da yamma takan biyo ta kantin maganina ta zauna a bencin masu jira ta yi ta mita.

"'Yar nan, sun kashe sana'a. Kowa da furfurarta take zuwa daga gida. Kuma ki gan su, ko ɗaya ba ta iya tsufa ba. Tafe suke gaba gaɗi kamar masu zuwa karɓar kyauta."

Na ce, "To Gwaggo, ai su ne tsofaffin."

"Tsufa a gida daban, tsufa a fim daban. Ba ni man zafin nan na gwiwa, maƙwabciyata ce ta aiko ni."

Maƙwabciyar nan ta shekara shida tana aiko ta, ban taɓa ganinta ba.

Ranar da abin ya fashe, ana ɗaukar fim na biyu na Sajan a wani gida mai faɗin falo. Sajan ta tashi daga kujera fit, ta faɗi maganarta ta zauna. Gwaggo ta kasa daurewa. Ta ratsa wayoyin fitilu ta isa gabanta da matashi a hannu.

"Iya, don Allah ki ɗan sunkuya. Ki yi tari kafin ki yi magana. Haka ake yi."

Sajan ta dube ta sama da ƙasa. "Tarin me? Lafiyata ƙalau."

"Na sani, Iya, amma mai kallo ba zai yarda ke tsohuwa ba ce. Bari in sa miki wannan a baya."

"Ki sa wa wa? Kuma wa kike kira Iya?" Sajan ta matso, ta ƙura mata ido, ta ɗan karkata kai. "Tsaya. Ke ba ke ce mai rubuta sunan masu surutu ba a makarantar da ke bayan tashar jirgi? Mai tabo a haɓa? Kina aji shida ina aji huɗu!"

Kowa a wurin ya san Sajan shekararta sittin da shida, don ita da bakinta take faɗa. Gwaggo kuwa ta kai shekara goma sha biyu tana cewa hamsin da ɗaya, ba ta yarda a ce mata Mama, sai dai Anti.

Gwaggo ta ce, "Yayata ce. Muna kama."

"Yayarki ce ta sa aka yi min bulala shida a kan gyaɗar da ke kika cinye? Har tabon ma kun raba?"

"Ke dai tun kina yarinya bakinki ba ya rufuwa, shi ya sa sunanki ke fara shiga takarda!"

Nan fa Gwaggo ta kama bakinta, amma magana ta riga ta fita. Suka shiga tonon silili na abin da ya shekara kusan sittin, wa ya saci alli, wa ya tura wa cikin kwata, Gwaggo na kaɗa matashi, Sajan na buga tebur. Mai kyamara ya ɗaga hannu zai kashe, Darakta ta riƙe masa hannu. Sai da suka yi minti goma sha ɗaya kafin numfashi ya ƙare musu.

Bayan kwana uku Darakta ta zo har gida. Ina nan, na kai wa Gwaggo saƙon maƙwabciya. Ta ce ta rubuta labarin wata yaya da ƙanwarta da suka gaji gidan burodi daga mahaifinsu, ba sa ga maciji da juna, kuma dole su gudanar da shi tare. Sajan ce ƙanwa.

Gwaggo ta ce, "Ni ce yayar waccan? Mai kai kamar auduga?"

"Anti, ke kika dace."

"Ba zan yi ba. Ni ma'aikaciya ce, ba 'yar wasa ba."

Darakta ta miƙe tana gyara jaka. "Shi ke nan. Dama Sajan ta ce ba za ki iya ba, wai kyamara za ta firgita ki."

"Ta ce me? Ajiye takardar nan."

Ranar gwaji Gwaggo ta tashi tun asuba ta yi wa kanta aikin da ba ta taɓa yi wa kowa irinsa ba. Ni na kai ta a mota, kuma sau biyu ina kusan hawa kan shinge saboda kallonta. Ta zuba man goge baki a kan baƙin rini, ta zana layi biyar a goshi, ta sa matashi mafi girma, ga tabarau marar gilashi, ga sanda. Ta shiga wurin tana tari tana lalube. Wani mai jan waya ya ba ta hanya ya ce sannu Kaka, bai gane ta ba. Ta ji daɗi ƙwarai.

Darakta ta dube ta ta dafe kai. "Anti, mene ne wannan?"

"Matar shekararta nawa a labarin?"

"Sittin da takwas."

"To ai ga ta."

"Anti, je ki wanke. Yadda kike zuwa aiki kullum, haka nake son ki. Abu ɗaya kawai zan roƙa. Ki bar rini na sati shida."

Gwaggo ta ce wane rini. Sajan daga kujerarta ta ce wanda ke zuba a wuyan rigarki duk ranar da aka yi zafi. Sai da aka riƙe su.

Sati shidan nan Gwaggo ba ta cire ɗankwali ba ko a ɗakinta. Ta daina zuwa kantina, ta ce tana haddar magana. Da ya cika ta kira ni a waya ta ce in zo ni kaɗai. Na same ta zaune gaban madubi, ta kulle taga. Ta zare ɗankwalin a hankali. Tun daga saiwa har kusan tsawon gaɓar yatsa gashin fari ne sol, mai sheƙi, sauran kuma baƙi. Rabonta da ganin ainihin gashinta tun kafin a haifi ɗana na fari.

Ta daɗe tana kallo, tana juya kai hagu da dama. Na ɗauka kuka za ta yi, har na fara neman abin faɗa. Sai ta ce, "Aikin bai yi daidai ba. Gefen hagu ya fi yawa."

Na ce, "Gwaggo, aikin Allah ne fa."

"Astagfirullah, na janye." Ta sake leƙawa. "Amma ki duba da kyau, ya fi yawa."

Ni na yanke mata baƙin da almakashi. Da na gama ta shafa kan, ta ce ashe kamannin mahaifiyarta ne da ita, duk shekarun nan ba ta sani ba. Daga nan ta ce in share gashin in ƙulle a leda, kada maƙwabta su gani.

Ɗaukar fim ɗin ta zo da nata rikici. Gwaggo da ta shekara ashirin da takwas a bayan kyamara, da aka juyo da ita kanta sai ta daskare kamar an dasa ta. In ta samu bakin magana kuma sai tari biyu ya riga fita, don ya zame mata jiki. Fitowar farko sau goma sha huɗu aka maimaita. Burodin da aka jera don ado ya bushe, mai riƙe makirufo hannunsa ya sage. A ƙarshe Sajan ce ta samo magani. Duk lokacin da za a fara sai ta matso kunnen Gwaggo ta raɗa mata, "Gyaɗata." Nan take Gwaggo za ta manta da kyamara da fitila da tari, ta faɗi maganarta da wuta, har ta ƙara da abin da ba a rubuta ba. Rabin zagin da ke cikin fim ɗin ba ya cikin takarda.

Akwai fitowar da za ta hau bene da tiren burodi. Ta hau a miƙe tana cije leɓe, don kada a ga gwiwar. A mataki na shida ƙafar ta ƙi, ta tsaya ta jingina da bango, ta ɗaga ƙafar da hannu ɗaya ta ɗora a mataki na gaba, tire na rawa a ɗaya hannun. Ta juyo a fusace ta ce a sake. Darakta ta ce ba za a sake ba, wannan ɗin take so. A mota muna komawa Gwaggo ta ce, "Ashe gwiwa ce. Duk yaran nan bayansu nake sa su riƙe." Daga nan ta ce in tsaya a kanti in ɗauko mata man zafi babba, nata ne.

Fim ɗin ya fito, ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Mata suka riƙa tare ta a kasuwa suna cewa ita ce yayarsu sak, wasu har suna kawo mata ƙarar ƙannensu. Mai gidan burodin unguwarmu ya roƙe ta ta tsaya a ƙofar shagonsa a ɗauke su hoto. Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa. Na karanta mata abin da mutane ke rubutawa a waya, yabo ya fi ɗari, sai ga wani ya rubuta cewa wasan ya yi kyau amma furfurar yayar ta bogi ce, ana gani an san shafawa aka yi, ya kamata su nemi ƙwararriyar mai kwalliya. Gwaggo ta ce in nemo mata gidan mutumin. Na ce ba a gane gida ta nan. Ta ce to in rubuta masa ya zo ya ja da hannunsa. Kwana biyu tana zancen, ta kira Sajan ta karanta mata, Sajan ta yi dariya har wayar ta faɗi.

Yanzu fim ɗinta na huɗu ake shiri, kuma a alƙaliya za ta fito. Da yake ana gyaran rufin gidanta, ta dawo wurinmu na ɗan lokaci, mu ne muke ɗanɗana kuɗarmu. Ta sa kafinta ya yi mata 'yar gudumar katako, ta ce sai hannunta ya saba. Ta mayar da teburin cin abinci kotu. An yi shari'ar wanda ya bar famfo a buɗe, an yi ta wanda ya shanye madarar shayi ya mayar da gwangwanin cikin firij. Shekaranjiya maigidana ya dawo daga aiki ya tarar da ita zaune da baƙin mayafi a kafaɗa, takalmansa biyu a kan tebur a matsayin shaida, wai an same su a tsakiyar falo.

Ya ce, "Gwaggo, sauri nake yi da safe."

Ta buga guduma. "Ba a ce min Gwaggo a nan. Kana da lauya?"

Ya dube ni. Na ce ni shaidar masu ƙara ce.

Ta yanke masa wanke-wanke na kwana uku. Ya ce zai ɗaukaka ƙara, ta ce ya ɗaukaka, kotun gaba Sajan ce, tana zuwa cin abincin rana ranar Asabar. Ya yi ɗan tunani, ya naɗe hannun riga ya nufi kicin.